Mama Halina, Maƙwabciyata ta Sentul

Shekara biyar ke nan da rasuwar Mama Halina, kuma har yau in na fito daga lif sai idona ya kai kan ƙofar da ke kallon tamu. Wasu ɗalibai ne a ciki yanzu, takalmansu zube a bakin ƙofar.

Karatun maigidana ne ya kawo mu Kuala Lumpur, muka kama haya a Sentul. Ranar da na fara haɗuwa da ita, wata tsohuwar Baturiya 'yar siririya mai dogara sanda, sai ta washe baki ta ce min, "Jambo!" Na tsaya ina kallonta. Ashe ta yi zaman sansanin gudun hijira a Tanganyika tana budurwa, ta ɗauka duk baƙar fata yana jin Suwahili. Yarana suka mayar da sunanta Halima, ba ta taɓa gyara musu ba.

'Yar ƙasar Poland ce, tana zaune da ɗanta Marek, injiniya. Da safe ya tafi aiki, maigidana ya tafi jami'a, sai a bar mu mu biyu. Takan shigo ta zauna a kicin ɗina, ina yankan albasa tana ba ni labari da Turanci.

Labarin gidansu ne kullum, wani ƙauye a can gabashin ƙasar, bakin daji. Babanta mai gadin daji ne, yana kuma da amya a bayan gida, in ya ɗebo zuma yara ne ke fara lasa. Ranar Asabar mamanta ke gasa burodin mako. Kakarta tana kwana a jikin babban murhun ƙasa saboda ɗumi, tana faɗa da duk wanda ya bar ƙofa a buɗe. Ƙaninta Janek shi ke kora agwagi rafi, karensu Burek na binsa. Maƙwabtansu kuwa kowa da yarensa da wurin ibadarsa, amma rijiya ɗaya ake sha. A daren jajibirin Kirsimeti sai a ajiye faranti guda babu mai shi, ko wani matafiyi zai ƙwanƙwasa. Na ce mata mu ma a Kano ba a kwashe tuwo sai an ware na baƙo. Ta yi dariya har da tari.

Abin da ya biyo baya sau ɗaya tak ta faɗa min, a taƙaice. A lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Rasha suka zo da asuba cikin tsananin sanyi, suka ce a tattara a fito. Ƙullin burodi na cikin akushi yana tashi, haka aka bar shi. Burek ya bi amalankensu a kan ƙanƙara har ya gaza. Aka loda su a taragun shanu zuwa Siberiya. Kakarta ta rasu a hanya, Janek ya rasu a can, babanta ya shiga soja ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita da mamanta suka fita ta Iran, daga nan Afirka, daga nan Ingila. Ƙauyen yanzu yana cikin wata ƙasa dabam, ba ta sake taka shi ba.

Na ce, "Mama, yaya kuka rayu a Siberiya?"

Ta ce, "'Yata, wannan kowa shi yake tambaya. Ba mai tambayata yadda gidanmu yake."

Abu ɗaya muka taɓa saɓawa a kai. Ta ji ina yi wa 'yata Amina Hausa tana mayar min da "boleh lah" na yaren mutanen garin, sai ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce ita ta hana Marek yarensu don kada a yi masa dariya a makaranta a Ingila, ta kuma ɓoye masa labarin gida don kada ya gaji baƙin ciki. Na ji haushin shisshigin a ranar. Daga baya na gane da kanta take faɗan.

A ciwonta na ƙarshe Turancin ya gudu daga bakinta gaba ɗaya, sai yaren ƙuruciya. Na je asibiti na tarar da Marek, dattijo mai furfura, riƙe da hannunta, tana magana ba ya ji. Ya ce min, "Tun jiya take kiran Janek da Burek. 'Yan'uwanta ne?" Na ce Janek ƙaninta ne, Burek kuwa kare. Ya ce in ci gaba. Na zauna na ba shi labarin amya da murhu da agwagi, ni Bahaushiya daga Kano, ina bayyana wa mutum gidan kakanninsa. Ya yi kuka ba sauti. Kwana kaɗan bayan haka ta cika.

Yau garin nan cike yake da waɗanda yaƙi ya koro, 'yan Rohingya da Siriya da Yaman, ina haɗuwa da matansu a kasuwa. Na tabbata da tana raye da ba za ta yi mamaki ba. Tsayawa za ta yi ta tambayi kowace mace me ake shukawa a garinsu.

Ba ta bar dukiya ba, Marek ma ya koma Ingila. Amma kwanan baya wata matar ɗalibi 'yar Borno ta kawo min ziyara, wadda aka ƙone garinsu suka gudu Maiduguri. Kowa ya san labarin gudun, ita ma ta gaji da maimaita shi. Na zuba mata shayi na ce, "Falmata, yaya gidanku yake kafin nan?" Ta dube ni. Sai ta fara da bishiyar darbejiyar da ke tsakar gidan, da tabarmar babanta a ƙarƙashinta. Har aka kira la'asar ba ta kai ɗakin mamanta ba a labarin.