Mai Auna Ruwan Tafkinmu

Jiya a kasuwar Haɗeja wata mata ta shinshina tarwaɗata ta ajiye. "Malam, kifi kake sayarwa ko kananzir?" Na taya ta dariya, amma wani tsoho mai auna ruwan tafkinmu ne ya faɗo mini a rai.

Aikin gwajin man fetur ya yi, da ya yi ritaya ya dawo gida Auyo da 'yan kwalabensa. Duk inda muke wanke injin ban ruwa, sai ya tsuguna ya ɗebi ruwan. Wata rana ya ɗiga shi a farar takarda, ya tsoma gefenta cikin wani magani mai hawa kai. Tabon ya bi takardar ya rabu kashi-kashi.

"Man inji dangi-dangi ne," in ji shi. "Marar nauyin, rana za ta kwashe shi. Wannan baƙin da ya ƙi motsi shi zai kwanta a laka, kifi ya ci."

Na ce, "Baba, ni da aka kora daga aji biyu? In ba miya za ka haɗa ba, ka sallame ni."

Bai yi dariya ba. Ya roƙi gari a riƙa wanke inji nesa da tafki, aka ce tsufa ne. Ranar jana'izarsa ma ana can ana juye baƙin mai a bakin ruwa.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Mu kuwa, Allah ya bar mana ko tafki ɗaya da jikokinmu za su ci kifinsa.