Gadin Kifin Teku

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina buɗe ruwa ina toshe ruwa a gonakin Kura, yau ga ni ina gadin ruwan da bai fi cikin randa ba.

Babban ɗana ne ya ja mini. A Legas yake aiki. Ya zo da wani akwatin gilashi ya kafa a ɗakina, ya dama ruwa da gishirin kwali, ya saki ƙananan kifaye masu launi kamar atamfar biki. Wai na teku ne. Ya manna ma'aunin zafi a jikin gilashin, ya ja layi da jan biro, don ya san ni da lamba sai dai gaisuwa daga nesa.

"Baba, kada zafin ya wuce layin nan."

Bazara ta kankama, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Na duba, abu ya haye layi. To mu a nan, in fangali ya ɗau zafi shuka ta langaɓe, ruwa ake sakar mata. Na cika bokiti da ruwan randa mai sanyi na kwarara musu, har ina cewa su gode Allah. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Ashe in gishirin ya tsinke, su ma sun tafi.

Abokan majalisa suka zo zaure wai ta'aziyya. Wani ya ce, "Alhaji, an yi musu sutura ne, ko Hajiya ta soya?" Na sunkuyar da kai kamar mai alhini. A raina kuwa murna fal. Washegari ina gona, laka har gwiwa.

Murnar ba ta daɗe ba. Ɗan nawa ya turo direba da wasu kifayen cikin leda, da sabon gishiri. Yaron yana waya yana ba ni umarni, ni ubansa ina "to, to." A bar ledar ta yi yawo a saman ruwa tukuna. A riƙa zuba musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan har su saba, sannan a sake su. In zafi ya taso, ƙanƙara a ƙulle cikin leda, kada ta narke a ciki. Ni na ƙara da jiƙaƙƙen buhu na rufa wa gilashin.

Tun daga nan ban sake zama mutum ba. Ƙanƙarar bazara ba ta jira. In na je masallaci, ana sallamewa nake zabura. Ɗaurin aure sai dai a ba ni labari. Ina zaune ina jin injin casa yana kuka daga bakin titi, ni kuwa idona kan jan layi.

Ranar da ban-ruwa ya zo kan shinkafata, na zura takalmin roba, na leƙa madafa.

"Hajiya, duba mini mutanen nan, yanzu zan dawo."

"Ba hannuna aka bar amanar ba."

"Leƙawa kawai zan yi."

"Haka ka ce bara, aka dawo da kai a baro, jini ya hau." Ta ci gaba da tankaɗe, ko kallona ba ta yi. "Likita ya ce a raba ka da rana. Na faɗa, ka ƙi. Ɗanka ya faɗa, ka ƙi. Shi ne ya samo waɗanda ba ka iya musu da su."

Na tsaya a bakin ƙofa, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kanal ɗin ban-ruwa. Wato duk tsiyata, da kifi aka ɗaure ni, kifin ma da ba ya isa miya. Na ce a raina tafiya zan yi, su ƙarata. Amma na farko ban sani ba ne. Waɗannan in na tafi, da sanina zan dafa su, kuma akwai wani rawaya a ciki da ke biyo yatsana a jikin gilashi.

Na zauna na cire takalmin. Ƙanena ne ya yi ban-ruwan. Ya cika ruwan da yawa, ko ban gani ba na sani.