Mutumin da Ya Shige Cikin Ƙyalle

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da majigi ya zo Wurno ba. Zamanin Turawa ne, ina 'yar mitsitsiya, bakina ya fi ni girma. Kafin nan mahaifina ya tafi Makka a ƙafa. Mun raka shi bayan gari, na tsaya ina kallonsa yana ƙanƙancewa a kan hanya har ya zama ɗigo, ya ɓace. Tun daga nan shiru, babu labari.

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, kakata ta riƙe hannuna muka zauna gaba. Aka fara sa wa yara wani zane mai motsi: ɗan mutum da sanda da gora, ya ba mu baya ya kama hanya. Hanyar tana da faɗi a gabanmu, can ciki kuwa ta tsuke, itatuwa suna ta gajarta. Yana tafiya yana ƙanƙancewa, sak yadda Baba ya yi. Na fizge hannuna na zagaya bayan ƙyallen a guje, don na tabbata can hanyar ta bi. Ban tarar da komai ba sai igiyoyi da wata akuya tana tuƙa.

Mai majigin ya same ni ina shafa ƙyallen ina kuka.

"Ke ɗiya, mi kika biɗa nan?"

"Ina yat tahi? Ka maido shi!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya koma wurin injinsa ya juya zaren hoton baya. Sai ga ɗigon ya ɓullo, yana girma, yana tahowa da baya da baya har ya cika ƙyallen. Yara suka hau tafi, ni kuwa na ruga wurin kakata.

"Kaka, ce mai shi yi ma Baba haka!"

Ta ja ni jikinta. "Wagga hanya ba ta cikin injin nai, jikata."

Baba bai dawo ba, kuma har yau kewarsa ba ta sake ni ba.

Abin da na koya shi ne, yaro ba ya kallon hoto a shafe, da dukan zuciyarsa yake shiga ciki. Shi ya sa in ina yi wa jikokina tatsuniya nakan kai mutum can bayan duwatsu, in rage murya har ya yi nisa, amma ba na rufe baki sai na dawo da shi gida.