Gwaggo Nalubega Ba Ta Cewa Ban Sani Ba

A kasuwar Nyendo da ke Masaka ba sai ka tambayi rumfar Gwaggo Nalubega ba, kunnenka ne zai kai ka. Ayabar matoke take sayarwa, amma wannan na fita kunya ne kawai. Sana'arta ta gaskiya gwaggontaka ce. Ita ke zaunar da amarya ta koya mata sirrin ɗaki, ita ce kuma bakinta ranar gabatar da ango, tunda amarya ba ta magana gaban surukai. Da 'ya'yan 'yan'uwanta ta fara, da suka ƙare ta faɗa kan na maƙwabta.

Aurenta uku, duk sun mutu, amma wannan bai taɓa rage mata ƙarfin murya ba. "Ni da na yi makaranta uku," in ji ta, "wa zai koya mini karatu?" Abin da take taƙama da shi a duniya ɗaya ne: tunda take, ba mahaluƙin da ya taɓa jin ta ce ban sani ba. Ko hanyar garin da ba ta taɓa zuwa ba ka tambaye ta, sai ta yi maka kwatance har da bishiyar da za ka karya kwana.

Sai ga zamanin waya. 'Yan mata suka koma sauraron waɗansu gwaggwannin bogi masu farce zaƙo-zaƙo, suka fara kiran Nalubega tsohon yayi. Wannan kalma ta fi mata ciwo fiye da saki ukun nan a haɗe.

Ana cikin haka Namatovu, ɗiyar ƙanenta, wadda ke jan baki a mawaƙan coci, ta zo wata huɗu bayan bikinta da Walusimbi. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta murza bakin zane.

"Gwaggo, Walusimbi ne ya ga wani abu a waya. Wai yanzu masoya shaƙe wuya suke yi a shimfiɗa. Ni dai tsoro nake ji. Kin san wannan abu?"

Nalubega ba ta taɓa jin wannan shirme ba. Amma ga mai tumatir a rumfar kusa ta baza kunne. Sai ta gyara kafaɗar doguwar rigarta ta gomesi ta kwashe da dariya.

"Wannan ne sabo? Yarinya, tun kakanninmu ake yi, Turawa ma a wurinmu suka sata! Ki ce ya yi a hankali, shi ke nan. Kada ki bari ya ce ya auro 'yar ƙauye."

Mai tumatir ta jinjina kai, Nalubega ta wuni tana hura hanci.

Ba a jima ba Namatovu ta dawo murya a dushe, idanu jawur, tana kukan ciwon kai da wuyar haɗiya. Gwaggo ta duba ta sama da ƙasa ta yanke hukunci: amarci ne. Ta haɗa ta da citta da zuma, ta ce ta ɗaura gyale a wuya saboda 'yan sa ido.

Wata Asabar da hantsi suna zaune suna feraye matoke, sai wuƙa ta suɓuce daga hannun Namatovu. Bakinta ya karkace, ta buɗe shi za ta kira gwaggonta, ba abin da ya fito sai miyau.

A asibiti likita ta janye gyalen, ta ga shatin yatsu, ta dubi Walusimbi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ta ce jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa a wuya suke, matsi ɗaya na iya tsaga ɗaya daga ciki, jini ya daskare, bayan kwanaki ya je ya toshe hanya. Abin da ya faru ke nan, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke.

"Wallahi a hankali nake yi," in ji Walusimbi yana hawaye. "Gwaggo ma ta ce ba komai."

"Babu a hankali a wannan abu," in ji likita. "Wasu a take suke mutuwa. Ita ma da an kawo ta ranar da muryarta ta dushe, da wataƙila ba a kai ga haka ba."

Namatovu na kwance tana kallon gwaggonta da ido ɗaya mai kyau. Ba fushi a cikinsa, kuma wannan ne ya fi ƙona ran Nalubega. Wannan yarinya a bayanta ta girma, ta kuma zo mata da tsoronta a hannu, ita ta karɓe ta jefar.

Da la'asar uban yarinyar ya iso daga ƙauye a kan babur, takalmansa duk jar ƙasa. Bai nemi likita ba. Kamar yadda ya saba tun suna yara, yayarsa ya nufa, ya kama hannunta.

"Yaya, ke ce bakinta, ke kika san komai. Ki gaya mini, 'yata za ta sake yin waƙa?"

Nalubega ta buɗe baki, amsa uku suka zo mata a shirye kamar kullum. Ta dubi gyalen da ke ajiye a gefen gado.

"Ban sani ba," ta ce.