Salifu Mai Kuraye Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni. Salifu ya rasu.

Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, waya ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce Fati, daga Birmingham. Ta ce, "Yaya Bashir, Yaya Salifu ya tafi." Na ce ya tafi ina? Ta sake maimaitawa. Daga nan na gane.

Na ce mata to. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, to.

Na ajiye wayar, na haɗa shayin, na shanye. Na sa takalmi na fita kamar zan tafi uni. Bas ta zo ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta wuce ina kallonta. Na dawo flat. Tun ɗazu ina zaune gaban kwamfuta, ba na jin komai a jikina, kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi.

Mutanen gida da ke bi na a shafin nan ba ku san shi ba. Bari in gaya muku ko wane ne.

Shekarata ta farko a Manchester ba ta yi mini daɗi ba. Ina wani ƙaramin ɗaki a Hulme, daga lab sai ɗaki, daga ɗaki sai lab. Sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba, in ban da ranar da na kira gida. Wata Asabar ruwan sama ya kore ni cikin wani shago a gefen Ardwick. Ban ma duba abin da suke sayarwa ba. Can ciki akwai tebura, mutane sun zauna biyu-biyu suna buga wani irin kati mai zane-zanen dodanni.

Ina kakkaɓe ruwa daga rigata sai na ji wani ya buga kati a tebur ya ce, "Kai! Koma gida!"

Da Hausa. A tsakiyar Turawa.

Na matsa na yi sallama. Wani siriri ne dogo, da hular sanyi har kunne. Ya ɗago ya amsa, ya ce, "Ɗan Najeriya ne wannan, daga jin sallamar. Zauna, yanzu zan gama da shi." Kafin in ja kujera ya gama da shi.

Haifaffen zangon Kumasi ne, yana saurayi iyayensa suka kawo shi nan. Yana aiki a wani warehouse na kayan sawa a Cheetham Hill. Da ya ji PhD nake yi, sai ya sa mini Dakta. Na ce ai ko shekara ban yi ba. Ya ce, "To ni na riga na ba ka, sauran su sa hannu."

Tambayata ta farko ita ce, wannan ba caca ba ce? Ya ce, "Ka ga kuɗi a teburin nan? Lissafi ne kawai, Dakta. Lissafi da haƙuri."

Shi ya koya mini wasan. Kowa yana zuwa da nasa deck, wato katunan da ya zaɓa ya haɗa da kansa. Irin wanda muke bugawa gajere ne, kati ashirin kacal, kuma makin rai da ake ba kowa ba shi da yawa, kuskure ɗaya sai a tashe ka. Kafin shayi ya huce an gama. Don haka duk ƙarfin mutum yana wajen haɗa deck ɗin tun daga gida.

Salifu duk ya raɗa wa manyan decks na lokacin sunayen Hausa. Akwai Sauro, wanda ba ya faɗa da kai, sai dai ya riƙa cizon ranka kaɗan-kaɗan har ka ƙare. Akwai Mai Gadi, wanda ke kulle teburin ya hana ka motsi. Sai kuma Dodanni, wanda kowa ke tsoro. In mai shi ya samu ya fito da babban dodonsa, to ka fara tattara kayanka.

Nasa kuwa Kuraye. Ƙananan katuna ne waɗanda mutane ke zubarwa a kwalin da ke bakin ƙofa. In ka kashe kura ɗaya, sai ta kirawo 'yar'uwarta daga cikin deck. Sannan ga wani katin tarko da ke mayar da babban dodo hannun mai shi bayan ya gama wahalar fito da shi. Wannan katin shi ne Koma Gida.

Har Turawan shagon sun koya. Sai ka ji ƙato da harshen Manchester yana cewa "koma gida, mate," ana dariya.

Ba wasa kaɗai ya koya mini ba.

Shi ya kai ni na yi rajista da GP, wato likitan unguwa, don ban san ana yi ba.

Shi ya nuna mini shagon da ake samun katin kiran gida wanda ba ya cinye minti.

Ya ga rigar sanyin da na zo da ita daga Kano, ya taɓa ta, ya ce wannan ai labule ce. Sati na zagayowa ya zo mini da jaket mai nauyi a leda. Ya ce kada in yi masa godiya a gaban mutane.

Da azumi ya zo, gidansu nake shan ruwa, wurin mahaifiyarsa Mma a Cheetham Hill. Yakan kira ni ya ce, "Mma ya ce ka zo ka ci tuwo." In ce, ta ce dai, Yaya Salifu. Ya ce, "Mu a Kumasi mace da namiji duk ya ne, ba mu da lokaci." Mma kuwa ba ta taɓa yarda da wasan ba. Takan ce ƙato da shi yana wasan takardu kamar ɗan makaranta. Amma ita ke ɗinka masa 'yar jakar da yake zuba katin.

Akwai lokacin da aikina ya cije, na yanke shawarar in tattara in koma gida. Na gaya masa. Bai yi mini wa'azi ba. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biyo ta Hulme, ya zauna a ƙasa a ɗakina, ya baje kati a kafet ya ce, "Raba." Mu buga, ya ci ni, ya tafi. Haka ya riƙa yi har na daina maganar tafiya.

Sai gasar Birmingham.

Babbar gasa ce ta yankin, daga garuruwa da yawa ake zuwa. Salifu ya yi watanni yana gyara Kuraye saboda ita. Ya cire wannan, ya sa wancan, ya sa ni in riƙe Dodanni ya yi ta gwadawa a kaina har na haddace. Daga ƙarshe ya haɗa mini irin nasa sak. Ya ce, "In ɗaya ya faɗi, ɗaya ya kai. Ina so su ga ba sai da katin tsada ba."

Mun hau jirgin ƙasa na safe. Sanyi ranar ba a magana, zauren gasar kuma ƙofarsa a buɗe take saboda masu shige da fice. Aka fara. Na ci na farko. Na leƙa, shi ma ya ci. Haka muka yi ta tafiya, har aka tashi hutun rana babu wanda ya ci ko ɗayanmu. Mutane suka fara taruwa a bayan kujerarsa suna leƙen hannunsa. Wani ya tambaye ni sunan deck ɗin, na ce Kuraye, ya ce in rubuta masa.

Muka samu wani lungu a ƙarƙashin bene muka shimfiɗa jaket don yin azahar. Ni na ja mu. Na ɗago daga sujuda, na yi zaman tahiya, na sallame. Na waiga, Salifu yana nan goshinsa a ƙasa.

Na zaci addu'a yake. Sai na ga ya kasa ɗagowa.

Ya ce, "Ƙashi ne, Dakta. Yakan yi haka."

Ranar na san yana da sikila. Duk zaman da muka yi bai taɓa faɗa mini ba. Ni kuma ina ganin hular sanyi da robar ruwan da ba ya rabuwa da su, ban kawo komai a raina ba.

Aka fara kiran sunaye a lasifika don zagaye na gaba. Na ji nawa. Ya riƙo hannuna da ƙarfi ya ce, "Je ka buga. Za su kira ambulance, ba sai da kai ba. Saura kaɗan ka shiga takwas ɗin ƙarshe."

Na ce ba inda za ni.

Ya ce, "Bashir." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Wata nawa muna haɗa abin nan?"

Da ambulance ta zo, na kwashe jakarsa da tawa, na bi su cikin motar.

A asibiti, bayan sun yi masa allura ciwon ya ɗan lafa, ya buɗe ido ya ce, "Da wa aka haɗa ka?" Na ce da wani mai Dodanni. Ya rufe ido ya juyar da kai bango. Ya ce, "Da ka ci shi."

Bai fi wata ɗaya ba masu kamfanin wasan suka fitar da sabon tsari, suka hana amfani da Koma Gida a gasa. Ba tare da shi ba, Kuraye ba su da haƙori. Deck ɗin ya mutu a haka. Ba a taɓa cin sa a gasa ba, bai kuma ɗauki kofi ba.

Salifu ya yi fushi da ni sosai. Ina kira ba ya ɗauka. In na shiga shago sai ya dube ni ya ci gaba da raba katinsa. Wata rana da yamma aka ƙwanƙwasa mini ƙofa, na buɗe, ga shi da kula cike da wake da shinkafa irin na Ghana, da yajin nan nasu baƙi. Ya miƙo mini ya ce, "Mma ya ce ka kyauta. Ni ban ce ba."

Ya shigo ya zauna a kafet. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Daga baya ya auri Rahina, ya samu aiki a Birmingham ya koma can. Allah ya ba su 'ya mace. Haɗuwarmu ta ragu, sai waya. Yakan kira ni yana kan bas ya ce ya gano wani haɗi, in saurara. Ya yi ta jero sunayen katuna, ni ina cikin lab ina cewa uhm.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne. Ya zo gaida Mma, muka haɗu a wani wurin shan shayi kusa da tashar jirgi kafin ya koma. Na ga idonsa ya yi ɗorawa, na tambaye shi jiki. Ya ce, "Da sauƙi. Sun ce in riƙa shan ruwa, kamar da can giya nake sha."

Ya nuna mini hoton 'yarsa a waya, ta kama kati ɗaya tana tauna. Ya ce katin mai tsada ne, amma ya yafe mata.

Ya ture kofunan gefe ya fito da sabon deck. Muka buga a kan ɗan teburin nan, mai kawo shayi tana kallonmu. Ya ci ni. Na ce a sake. Ya sake ci na.

Ya tambayi yaushe ne viva ɗina, jarrabawar baka ta kammala PhD. Na ce wata mai zuwa in Allah ya so. Ya ce zai ɗauki hutu ya zo, kuma da babbar rigarsa ta Ghana zai tsaya a bakin ƙofa, don Turawan su san ina da dangi.

Aka kira jirginsa. Ya miƙe a hankali, ya rataya jaka. Har ya yi gaba ya juyo ya ce, "Dakta, deck ɗinka ya yi nauyi. Rage manya, ƙara ƙanana."

Na ce to.

Shi ke nan. Ko hannu ban tuna mun yi ba.

Fati ta ce ciwon ya tashi ranar Lahadi, wannan karon ya kama ƙirjinsa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Rahina tana gefensa. Ta ce ya yi kalmar shahada da bakinsa.

In asibiti sun sake shi yau, jana'iza gobe ce bayan azahar a Birmingham. Zan sanar a nan in an tabbatar. Waɗanda za su tashi daga Manchester ku yi mini magana mu tafi tare, ba na son in hau jirgin nan ni kaɗai.

Har yanzu ban kira Mma ba. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Ban san da wace kalma zan fara ba. Ina gama rubutun nan zan tafi Cheetham Hill in zauna a gabanta kawai.

'Yan shago da ba sa jin Hausa, don Allah wani ya fassara musu. Sun san shi, suna son sa.

Ya Allah, bawanka Salifu ya zo gare ka. Ka san ciwon da ya ɗauka tun yana yaro bai kai ƙara wurin kowa ba, ka sa ya zame masa kaffara. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ka ba Mma da Rahina da Fati haƙurin da babu mai ba da shi sai kai. Ka raya masa 'yarsa, ka tsare ta daga ciwon da ya sha.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ko ba ku taɓa ganin sa ba, ina roƙon ku abu ɗaya. In kun idar da sallah yau, kafin ku tashi daga kan darduma, ku ambaci sunansa.

Salifu ɗan Mma Adiza.