Hodar da Ta Yi wa Sabuwar Kyamara Yawa

A gidan talabijin ɗin kowa da Mai Hoda yake kiranta, har direbobi. Shekara ashirin da huɗu ta yi a wani ɗan ɗaki da ke jikin sutudiyo, mai madubi ɗaya da kujerar wanzami wadda ta daina juyawa. Duk wanda zai fito a allo sai ya bi ta hannunta. Ba ta taɓa riƙe kyamara ba, amma ta san halin tsohuwar kyamararsu sarai: tana shanye launi, tana dusashe fuska. Shi ya sa take lafta hoda ba tausayi. A ido abin dariya ne, a allo kuwa sumul.

Wata Litinin Babban Injiniya ya tara su ya ce za a koma tsarin hoto garau, wanda suke kira HD. An kawo kyamara biyu don gwaji na mako guda. Ɗaya mai layi ɗari bakwai da ashirin, ta fi kama abu mai gudu, kamar ƙwallo. Ɗayar mai layi dubu da tamanin, ita kuma ba ta barin ko ƙwayar gashi.

"Kowane sashe zai faɗi ra'ayinsa ranar Juma'a," in ji shi. "Har da ke, Anti."

Aka fara gwaji da mai karanta labaran rana, wadda Mai Hoda ta shekara sha tara tana yi wa kwalliya. Ta gyara ta kamar kullum, ta koma bayan masu haɗa hoto ta tsaya. Da aka kunna kyamarar dubu da tamanin, sai fuskar ta fito kamar bangon da aka yi wa yaɓe, hodar duk ta tsattsage a gefen baki. Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Mai Hoda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da suka koma ɗaki, mai labarai ta rufe ƙofa. Tana da tabo a kuncin hagu, na haɗarin mota tun tana budurwa, kuma a duk ma'aikatar su biyu kaɗai suka san da shi.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ki ce musu ƙaramar, mai ɗari bakwai da ashirin, ta fi."

"Ita ma fa tana nunawa, ƙanwata. Na duba."

"Amma ba kamar waccan ba. In suka gani, rediyo za su tura ni."

Mai Hoda ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma ƙi ba. Kwana uku tana roƙon mai ɗaukar hoto ya bar mata kyamarorin a kunne lokacin hutun rana. Takan zaunar da matar da ke share sutudiyo, ta shafa, ta je ta duba allo, ta dawo ta goge. A gida ma ba ta bar maigidanta ya huta ba.

"Yanzu da furfurata za ki mayar da ni amarya?" in ji shi, amma ya miƙa fuska.

A hankali ta gane abin da ya fi ba ta tsoro: sabuwar kyamara ba ta son yawancin abin da ta ƙware a kai. Hoda kaɗan take so, mai laushi, da burushi maimakon soso. Ta kuma lura cewa babbar fitilar da ke dukan fuska daga sama ita ke zurfafa kowane layi.

Ranar Juma'a sashen wasanni suka ce ƙaramar. Sashen labarai suka ce babbar, saboda rubutu ya fi fitowa. Da aka zo kanta, mai labarai ta kafe ta da ido.

"Ni ban san layi ba, Injiniya," ta ce. "Amma duk wadda kuka ɗauka, hodar da nake da ita ba za ta yi ba. Kuma a sassauta fitilar sama. In aka yi haka, babbar ta fi fito da mutum kamar mutum."

Babbar aka ɗauka. Daga baya ta ji cewa dama can ita ce ta dace da na'urorin da suke watsa shiri da su, maganarta ba ita ta yanke hukunci ba. Fitilar dai an sa mata ƙyalle mai tace haske.

Mai labarai ta yi mako biyu ba ta ce mata ko sannu, tana yin kwalliyarta a mota. Wata rana ta shigo ta zauna a kujera ba sallama.

"Yi mini yadda kika ga dama."

Mai Hoda ta shafa kaɗan. Tabon ya fito, siriri, ga mai neman sa. Ba wanda ya kira, ba wanda ya rubuto, ba a kuma tura kowa rediyo ba.

Aikin da ke cin minti arba'in yanzu goma yake ci. Sauran lokacin sukan zauna su sha shayi, mai labarai tana bitar takardunta da ƙarfi, Mai Hoda tana gyara mata inda harshe ya sarƙe.