Bangon da Yaya Sani ya baƙanta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, makanike a tashar Gummi. Sai bayansa na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka bai taɓa ganin rubutuna ba. Bana da sanyi ya shigo na ce bari in rubuta abin da ya yi mana a Adabka.

Matata Hajara ta haifi bakwaini a tsakiyar sanyi. Kukan jaririyar sai ka kasa kunne kake jinsa. Ma'aikaciyar asibiti a Bukkuyum ta ce abu biyu ne za su iya ɗauke ta: sanyi da hayaƙi. A wurinmu kuwa da ɗaya ake korar ɗaya. Kaskon gawayi ake shigarwa ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga. Haka Inna, mahaifiyarmu, ta yi jegonmu duka.

Sani ya iso a kan babur, ya goyo gilashin gaban wata tsohuwar mota cikin buhuna. Ya ce ya lura motar da ta yini a rana a rufe, ko da sanyi, ba ta shiguwa don zafi. Ya duba inda rana ta fi daɗewa, ya zaɓi bangon kudu na ɗakin Hajara. Ya shafe shi da makuba da garin gawayi har ya yi baƙi ƙirin, ya huda shi sama da ƙasa don iska mai ɗumi ta zaga, ya jingina gilashin, ya liƙe gefuna da laka. In rana ta faɗi sai a toshe hudar da tsumma. Inna tana kallo.

Washegari ni da Sani muka tafi sayo magani, ba mu dawo ba sai la'asar sakaliya. Muka tarar an rufe gilashin da zana. Inna ce ta sa, don a ganinta ba a barin kafar leƙe a ɗakin maijego. Na taɓa bangon, sanyi kamar randa. A ciki kuma kasko yana ci, jaririya tana wani ɗan tari, leɓenta ya soma duhu.

Sani ya naɗe hannu da rigarsa, ya fito da kaskon tsakar gida, sannan ya durƙusa gaban Inna.

"Ni kaka fiddo ma wuta daga ɗaki?" in ji ta. "In sanyi ya kashe ɗiyar ga, kai za ka dubi uwatta."

"Na ɗauka, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.

Rana ta riga ta tafi, bango bai tara komai ba, wuta kuma tana waje. Muka gasa duwatsu a murhu, muka naɗe da tsummoki muka jera gefen gado. Hajara ta sa jaririyar a ƙirjinta, fata da fata, ta rufa zannuwa. Inna ba ta ci tuwo ba, ba ta kuma dubi ɗayanmu ba. Da gari ya waye muka ji Hajara daga ciki tana cewa jaririya ta kama nono.

Ranar nan Sani ya matsar da zanar baya, ya kafa ta ta zama shinge, yadda ba mai giftawa amma rana tana sauka. Da magariba ya roƙi Inna ta dafa bangon daga ciki. Ta daɗe hannunta yana kai. Sai ta ce, "To, ruwan wankan ma gilashi zai dahe shi, ko ka yarda in hura wutata?" Wutar wanka ta ci gaba a waje. Gaskiya ɗumin bangon yakan ja baya kafin asuba, kuma har aka yi arba'in tsoro bai bar gidan ba. Yarinyar tana nan, tana zuwa makaranta. Sanƙarau ya ɗauke Sani ba ta ko iya kiran sunansa ba.

Yanzu in na je Anka na ga faifan sola a kan rijiyar burtsatse, ko a rumfar masu cajin waya, sai in tuna shi. Na san da ya zagaya baya ya ga yadda aka haɗa. Na kuma san da ya tambaya, ranar da ke ɗaga ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, me ya hana a sa ta ɗumama ɗaki? Don har bara mun ji labarin gidan da aka fasa wa ƙofa da safe, aka fito da mutanen ciki a sume, kasko a tsakiya.

Sani bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Gilashin ya tsage, na liƙe. Amma ɗakin ya zama na aro: duk wadda ta haihu da sanyi a unguwarmu, nan ake kawo ta. Bana matar wani maƙwabcinmu Bafillace ce a ciki. Da surukarta ta doso da kasko, Inna ce zaune a bakin ƙofa, da sandarta a gicciye. Ta ce, "Sannu da hidima. Aje shi nan waje."

Allah ya jiƙan Sani, ya sanyaya makwancinsa.